Gashin Tsuntsayenmu a Kan Ƙugiyar Turawa

Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta, in ji Hausawa. Amma cikin mutanen da su ke kawo zabi kasuwar Jibiya, daga ƙauyukan Katsina da na Maraɗi, da wuya a sami mai kula da zanen nan. Nama a ke nema, da ƙwai. In an yanka an fige, sai a watsar da gashin a juji, iska ta kwashe. To, akwai ƙasashen da gashin nan da mu ke zubarwa ya shiga littattafai, ana zaɓensa ɗaya ɗaya, ana ɗaura shi da zaren siliki a jikin ƙugiyar kamun kifi. Tare da shi kuma akwai gashin jimina da na tuje. Za mu ba da tarihin wannan sana'a, da yadda ta haɗu da cinikin kakanninmu, da abin da ya sami tsuntsayen nan uku daga baya, domin akwai abin lura a ciki, musamman ga mutanen bakin iyaka.

Kifin da ba yunwa ke jawo shi ba

A wajenmu, mai fatsa ya kan tono tana, ko ya kamo fara, ko ya cura ɗan tuwo, ya soka a ƙugiya ya jefa. Haka a ke yi a madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gama ginawa a 1989 a kan gulbin Gada, haka kuma a ke yi a kowane tafki na ƙasar Hausa. Yunwa ke jawo tarwaɗa da ƙarfasa, su ga koto su haɗiye, shi ke nan an kama su.

A ƙasashen sanyi na arewacin Turai kuwa, musamman Sikotlan da Ailan da Nowe, akwai wani babban kifi da a ke kira samon, wanda al'amarinsa ya ke da ban mamaki. A ruwan daɗi a ke ƙyanƙyashe shi, can sama kusa da mafarin kogi, a cikin tsakuwa. Ya kan yi shekara biyu ko uku a nan yana ƙarami, sa'an nan ya gangara teku. A teku ya ke ci ya yi ƙiba, waɗansu har gaɓar Girinlan su ke kaiwa, tafiyar da ta fi mil dubu. In lokacin yin ƙwai ya yi, sai ya juyo, ya nemi kogin nan da aka haife shi, ya kama hawa yana tsallake duwatsu da gangaren ruwa har ya kai inda ya fito. Girmansa kuwa ba kaɗan ba ne. A 1922 wata mace mai suna Georgina Ballantine ta kama wani a kogin Tay da sanda da ƙugiya, nauyinsa laba 64, watau wajen kilo 29, har yanzu ba a kama wanda ya fi shi da sanda a Birtaniya ba.

Ga abin mamakin. Tun daga ran da samon ya komo ruwan daɗi ya ke daina cin abinci, kitsen da ya tara a teku shi ke riƙe da shi wata da watanni. Duk da haka, in wani ɗan abu ya gilma ta gabansa yana ƙyalli, ya kan taso ya cafke. Masana sun daɗe suna gardama a kan dalili. Waɗansu sun ce fushi ne, waɗansu sun ce tunawa ya ke yi da abin da ya saba kamawa a teku. A kan wannan hali nasa aka gina sana'ar da mu ke magana. Sai a ɗaura gashin tsuntsu da zare a ƙugiya, a yi wani abu mai kama da ƙwaro, a jefa shi da doguwar sanda, ruwa ya ja shi ta gaban kifin. Turawa suna kiran abin nan ƙuda, mu kuwa a nan za mu kira shi ƙudan ƙarya.

Asalin ƙudan ƙarya

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya yi zamani wajen shekara 200 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin masuntan Makidoniya da su ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu. A Ingila kuma, a 1496 aka buga wani littafi na kamun kifi da sanda wanda ya bayyana ƙuda iri 12, da watan da ya dace da kowanne. A lokacin nan Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano.

Da fari ƙudan samon ba shi da wani ado. Talakawan bakin kogin Tweed da na Spey su ke ɗaura shi da abin da ke kusa da su, watau ulun tumaki, da gashin zakaran gida, da na agwagwar ruwa, da na zalɓe. Launinsa duhu duhu ne, kifi kuwa yana kamuwa. Abu biyu suka sake shi a ƙarni na 19. Na fari, jiragen ruwan Ingila suna komowa daga Indiya da Sin da Afirka da Amurka ta Kudu ɗauke da fatun tsuntsaye masu launin da Bature bai taɓa gani ba. Mutanen Ailan suka fara sa irin wannan gashi a ƙudansu, wani ɗan ƙasar mai suna William Blacker ya buɗe kanti a Landan, ya buga littafin koyar da aikin a 1842. Na biyu, Sarauniya Biktoriya da mijinta suka sayi gidan Balmoral a bakin kogin Dee a 1852, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙe tafiya, sai attajirai da 'ya'yan sarauta suka riƙa zuwa Sikotlan shan iska. Kogi ya zama abin haya, talaka ba ya jefa ƙugiya sai da izinin mai ƙasa. Tun da ya ke abin ya zama wasan manya, ƙudan ma sai ya sa rigar manya.

Kowane ƙuda aka ba shi suna, aka tsara yadda za a ɗaura shi ba ragi ba ƙari, kamar yadda maɗinkanmu suka san aska biyu da aska takwas da malum-malum, kowace da ƙa'idarta. Wanda ya fi duka suna shi ne Jock Scott. Sunan wani bawan Allah ne, an haife shi a 1817, yana yi wa wani basarake aikin rakiya a bakin kogin Tweed, shi ya ƙago shi wajen 1850. A 1895 George Kelson ya buga babban littafi mai bayanin ƙuda fiye da iri 200, a 1914 kuma wani likita mai suna Pryce-Tannatt ya buga nasa. Littattafan nan biyu su ne masu sana'ar su ke bi har gobe.

Yadda a ke ɗaura shi

Bari mu dubi Jock Scott daga wutsiya zuwa kai, domin mai karatu ya ga yawan ƙasashen da su ke taruwa a kan ƙarfe ɗaya wanda tsawonsa bai wuce inci biyu ko uku ba.

Ƙugiyar dā ba ta da kafar zura igiya, sai a ɗaura mata hanci da wata irin tsirkiya da a ke samu daga tsutsar siliki. Mai ɗauri ya kan shafa wa zarensa kaki don ya kama. Ya fara daga wajen lanƙwasar ƙugiya da zaren azurfa da rawayan siliki. Sa'an nan ya sa wutsiya da tukkun wata kazar daji ta ƙasar Sin, mai ƙyalli kamar zinariya, ya ɗora ɗan jan gashi na wani tsuntsun Amurka ta Kudu. Daga nan sai ya ɗauko sili ɗaya na baƙin gashin jimina, ya naɗa shi sau uku ko huɗu, ya zama kamar ɗan zobe mai laushi wanda ya rufe ƙullin. Rabin jiki na baya rawaya ne, an lulluɓe shi da gashin wani tsuntsu mai ƙaton baki kamar na cilakowa. A tsakiya a sake yin zoben jimina. Rabin gaba baƙi ne, an zagaye shi da zaren azurfa. A wuya kuwa, ƙarƙashin kai, gashin zabo a ke sawa, mai ɗigon nan fari da kowa ya sani.

Fiffike shi ne wurin gwaninta. A kan yanko siraran tsage daga gashin talotalo, da na ɗawisu, da na tuje, da farin gashin wata babbar dinya wanda aka rina ja da shuɗi da rawaya, a jera su gefe da gefe a shafa da yatsa. Da ya ke Allah ya yi wa kowane silin gashi 'yan ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, sai su sarƙe su zama kamar gashin tsuntsu ɗaya mai launi iri iri. Masu sana'ar suna kiran wannan aure. Gashin da aka ciro daga gefen dama ba ya auruwa sai da na dama, na hagu sai da na hagu. A gefen fiffiken a sa gashin zakaran dajin Indiya mai tabo kamar ido, da ɗan shuɗin gashi a kumatu, da sili biyu daga wutsiyar babban aku a sama kamar ƙaho. Ƙuda ɗaya ya kan ci wa gwani sa'o'i, ɗan koyo kuwa ya yini bai gama ba.

Kun ga ke nan cikin tsuntsayen da aka lissafa uku namu ne ko danginsu. Zabo ɗan Afirka ne, 'yan Fotugal suka kai shi Turai daga gaɓar Gini a ƙarni na 15, ya zama tsuntsun gida a can. Tujen da su ke so kuwa shi ne babban nan na gabashi da kudancin Afirka, da wani na Indiya, 'yan'uwan tujen dajinmu ne. Saura jimina, wadda labarinta ya fi tsawo.

Hanyar gashin jimina

Mutanen ƙasar Hausa sun san darajar gashin jimina tun kafin Bature ya zo. Tarihin Kano ya nuna Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki da figini da takalman gashin jimina, har yanzu kuwa takalman nan suna cikin kayan sarautar Kano. Namijin jimina baƙi ne, da fararen gashi a fiffike da wutsiya, tamatar kuwa toka toka ce. Fararen nan na namiji su suka fi tsada.

Jimina tana yawo a dazuzzukan arewa masu yashi, daga Damargu da Azbin har zuwa Barno. Maharba su kan bi ta su kashe su fige, waɗansu mutane kuma su kan kamo 'ya'yan su tsare a gida su riƙa cire gashin. Fatake su sayo su kawo Damagaram ko Kano, su sayar wa Larabawan Gadamas da na Tarabulus. Unguwar da a ke kira Dandalin Turawa a birnin Kano, Larabawan nan ne Turawan, gama da su aka fara kiran wannan suna. Daga nan sai a ɗaure kayan a fata, a aza wa raƙuman Buzaye tare da kirgi da hauren giwa, ayari ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas, tafiyar watanni, har Tarabulus a bakin Bahar Rum. Ta hanyar Gat da Agadas Dokta Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shigo ƙasarmu, ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya iso Katsina a farkon 1851, shekara guda ke nan bayan an ƙago Jock Scott.

Ayarin ba ya bi ta inda Jibiya ta ke, ta gabas da ita ya ke wucewa, dalili kuwa yaƙi ne. Bayan da Katsina ta faɗa hannun Ummarun Dallaje a 1807, sarakunan dā suka koma arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Aka yi ta kai wa juna hari shekara da shekaru, ƙasar da ke tsakani ta zama ƙungurmin daji, mutane ba su iya zama, namun daji da tsuntsaye suka sami wurin sakewa. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga Tarabulus gashin ya kan haye zuwa Paris da Landan, inda a ke gwanjonsa. Cinikin ya bunƙasa ƙwarai a shekarun 1870 da 1880, sa'ad da matan Turai suka ɗauki yayin sa gashin tsuntsu a hula. Sai mu faɗi gaskiya, hular mata ita ta cinye mafi yawa. Mai ɗaurin ƙugiya sili ɗaya ya ishe shi ƙuda guda, amma daga kasuwar nan ta Landan shi ma ya ke saye, duk jirgin da ya kawo wa mai hula kaya shi ya ke kawo masa.

Ana nan sai manoman Afirka ta Kudu suka shiga kiwon jimina a shekarun 1860. Suka killace ta, suka shuka mata abinci, suka ƙago akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, suka riƙa yanke gashin ba tare da sun kashe ta ba. Garin Oudtshoorn ya yi arziki da wannan, har ya zama kafin 1914 ban da zinariya da lu'ulu'u da ulu ba abin da ya fi gashin jimina kawo wa ƙasar kuɗi. Duk da haka sun san gashin da ke zuwa ta Tarabulus ya fi nasu kauri da sheƙi. Saboda haka a 1911 gwamnatinsu ta aiko wani ma'aikacinta mai suna Russell Thornton da abokansa su nemo asalin irin. Bincike ya kawo su wajen Kano da Damagaram. Faransawa suka hana a fitar da jimina mai rai daga ƙasar da su ke mulki, amma duk da haka mutanen nan suka tara wajen 150, suka kai su Legas, kusan 140 suka isa Cape Town a 1912.

Wahalarsu ba ta biya ba. A 1914 aka fara Yaƙin Duniya na Farko, yayin ya wuce, ga shi kuma mota marar rufi ta fito, mace ba ta iya zama a ciki da hula mai dogon gashi. Kasuwar ta faɗi warwas. Hanyar hamada ma ta riga ta mutu, gama a 1911 Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi, a shekarar kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka juya kudu, gyaɗa ta maye gurbin gashin jimina.

Daga bakin kogi zuwa bangon ɗaki

Tun cinikin yana kan ganiyarsa waɗansu mata a Ingila suka ga ɓarnar ta yi yawa, ana kashe tsuntsaye dubu dubai saboda ado. A 1889 Emily Williamson ta kafa jam'iyyar kare tsuntsaye a Manchester. Suka yi ta fama har a 1921, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya fara zuwa Ingila a kan hanyarsa ta Makka, majalisar ƙasar ta yi dokar hana shigo da gashin tsuntsayen daji. An ware na jimina, tun da ya ke ta kiwo ce. Gashin ado ya fara wuya, ya yi tsada.

Masu kamun kifi kuma suka lura da wani abu. Ƙudan da aka ɗaura da ɗan gashin kurege ko na barewa, a 'yan mintoci, yana kama samon daidai da Jock Scott. Ashe duk adon nan idon mutum ya ke burgewa, kifi bai damu ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai irin mai sauƙin ya kore mai ado daga bakin kogi. 'Yan kaɗan suka riƙe tsohon aiki, cikinsu har da Megan Boyd, wadda ta zauna kusa da garin Brora a arewacin Sikotlan, daga 1915 zuwa 2001 ta yi rayuwarta. Sarkin Ingila na yanzu, Charles, yana cikin masu sayen ƙudanta tun yana yarima, a 1971 kuma aka ba ta lambar girma. Ita kanta ba ta kamun kifi.

Daga wajen shekarun 1970 da 1980 sana'ar ta farfaɗo, amma da wata fuska. Yanzu likita ne ko malami ko makaniki zai zauna da dare bayan aiki, ya buɗe littafin Kelson, ya ɗaura ƙuda don sha'awa kawai. In ya gama sai ya sa shi a gilashi ya rataye a bango, ko ya kai gasa. Yawancinsu ba za su taɓa jiƙa shi da ruwa ba. Akwai irin mutanen nan a Turai da Amurka da Kanada da Japan.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Waɗansu daga cikinsu suka ƙi yarda da kowane gashi sai ainihin wanda tsohon littafi ya ambata, alhali tsuntsayen sun zama 'yan kaɗan, doka kuma ta hana. A watan Yuni na 1909 da wani ya ce za a yi sata saboda wannan, da an yi dariya, gama gashin yana nan tuli a kasuwa. Amma a watan Yuni na 2009 wani saurayi Ba'amurke, mai koyon busa sarewa a Landan, gwani kuma wajen ɗaurin ƙuda, ya fasa taga ya shiga gidan ajiyar kayan tarihin halitta da ke garin Tring, ya kwashe fatun tsuntsaye 299. Waɗansu tun ƙarni na 19 masanin nan Alfred Russel Wallace ya tattaro su. Ya yayyage su yana sayarwa, sai a 2010 aka kama shi. Da yawa daga cikin waɗanda aka samu an riga an cire musu takardar da ta nuna wuri da shekarar da aka kama su, watau amfaninsu ga masu bincike ya tafi ke nan.

Masu hankali a cikin sana'ar suka ɗauki wata hanya. Su kan rina gashin talotalo da na dinya da na tsuntsayen kiwo su maye gurbin na daji. Waɗansu gidajen namun daji na Amurka kuma su kan tara gashin da tuje ya zubar da kansa, su ba masu ɗauri kyauta, don kada a sami dalilin kashe na daji.

Abin da ya sami tsuntsayen nan uku

Yanzu mu komo gida. Ingilishi da Faransawa sun yi yarjejeniya a kan iyakar nan a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ta suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Hari ya ƙare tsakanin Katsina da Maraɗi, mutane suka fantsama cikin dajin da a dā a ke tsoro, suka sare suka yi gonaki, garuruwa irin su Jibiya suka cika. Wannan alheri ne babba, amma tsuntsun da ke bukatar fili mai faɗi ya rasa wurin zama.

Jimina ta tsira daga hular Turawa, ba ta tsira daga bindiga da mota ba. Da ƙafa ko da doki sai an sha wuya kafin a cim mata, da mota kuwa sai a bi ta har ta faɗi. Ga kwasar ƙwai, ga farin shekarun 1970 da na 1980. Garke mai yawa na ƙarshe a Nijar yana duwatsun Azbin, a shekarun 1990 lokacin tawaye aka kusa ƙarar da shi. Irin nan mai jan wuya, wanda mutanen Afirka ta Kudu suka ƙetaro duniya suna nema, yau sai an killace shi a wurare kamar Kelle, a jihar Damagaram, ana lallaɓa 'yan kaɗan da suka rage ko za su yaɗu. A Oudtshoorn kuwa, inda aka yi kiwo, jimina tana nan dubbai, ana sayar da nama da fata da gashi. Mai ɗaurin ƙuda na yau daga gonar kiwo ya ke samun silinsa.

Tuje yana bin sawun jimina. Ƙwai ɗaya ko biyu tamatar ta ke yi, a ƙasa, ba ta da wata sheƙa. In an kashe uwa ɗaya, an daɗe ba a mayar ba. Ban da maharbanmu, attajirai daga ƙasashen Larabawa sun sha zuwa Nijar da motoci da shahuna suna farautarsa. Tambayi dattawan ƙauye yaushe rabonsu da ganin tuje a bayan gari, ka ji amsa.

Zabo fa? Shi ne mafi arha a cikin ukun, shi ne kuma bai ragu a hannunmu ba. Dalili a fili ya ke. Manomi da Bafillace su kan tara ƙwan da damina, su sa wa kaza ta kwanta a kai, su tsare 'ya'yan daga shirwa da raɓa, su ci waɗansu, su sayar da waɗansu, su bar iri. Ana yanka zabi kullum a Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi, ba su ƙare ba, domin mai yankan shi ne mai kiwon.

A 1973 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Washington a kan cinikin namun daji da tsuntsayen da a ke tsoron ƙarewarsu, Nijeriya da Nijar duk sun shiga. Jiminar ƙasashen nan biyu tana cikin ajin da aka fi tsanantawa, dukan dangin tuje ma suna cikin lissafi, a 1985 kuma Nijeriya ta yi dokarta a kan haka. Saboda haka wanda ya ɗauko ƙwan jiminar daji, ko ɗanta, ko tuje, zai ƙetare da su ta Magama ba da takardar izini ba, laifi ya yi, ma'aikatan kwastan suna da ikon kamawa. Amma iyaka doguwa ce, hanyoyin daji sun fi ma'aikata yawa. Tsaron gaskiya yana hannun mai unguwa da dagaci da sarkin baka, da manomin da ya tarar da ƙwan tuje a gonarsa ya kewaye shi da garma ya wuce. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ne a banza, za a tambaye shi ran gobe.

Mai sha'awar aikin hannu kuma, in yana son ya gwada, kayan suna gidansa. Ga ƙugiya a kasuwa, ga zaren ɗinkin hula, ga gashin zakara da na talotalo da na zabo, ba sai an taɓa ko tsuntsun daji ɗaya ba. Hannun da ya iya zanen hula ba zai kāsa wannan ba. Allah ya ba mu ikon tsare abin da ya ba mu amana, amin.